Muhawara: kamarar da ke kallon idon direba, me take aunawa takamaimai?

Baban Tasha, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambayata ga masu ilimin na'ura ce da ma'aikatan lafiya. Ana ta tallan wata 'yar kamara da ake kafawa gaban direba, wai tana kallon idonsa, da ya fara gyangyaɗi sai ta yi ƙara. Masu tirela da tanka na Apapa da Ijora suna son sanin gaskiyar abin kafin su zuba kuɗinsu. Yawan ƙifta ido take ƙirgawa ko me?

Injiniya, Ikeja:
Wa alaikumus salam Baba. Yawan ƙiftawa shi ne ma'auni mafi rauni a cikin duka. Lafiyayyen mutum yana zaune yakan ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti. In ya ƙura wa waya ko littafi ido, adadin ya faɗi ƙasa da rabin haka. In hira ta yi daɗi, ya haura. To da wanne za a gwada? Abin da ake dogara da shi shi ne tsawon lokacin da ido ke ɗauka a rufe, da kuma nauyin fatar ido wajen sauka da tashi. Ƙiftawar mai wartsake ba ta cika wuce milisakan 100 zuwa 400 ba, wato ko rabin daƙiƙa ba ta kaiwa. Idan rufewar ta fara kai rabin daƙiƙa ko ta wuce, kuma tana maimaituwa, barci ne ya fara sata.

Ma'aunin da ya fi shahara sunansa PERCLOS. Walter Wierwille da abokan aikinsa a Virginia Tech ta Amurka suka fito da shi a 1994, sannan a 1998 David Dinges da Richard Grace suka gwada shi tare da wasu ma'aunai, ya fi su dacewa da raguwar hankalin mutum. Lissafinsa: a cikin minti ɗaya, kashi nawa na lokacin ne fatar ido ta rufe aƙalla kashi 80 cikin 100 na idon? Kamara mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa tana ba da hoto 1,800 a minti. In 270 daga ciki ido a rufe yake, PERCLOS ya zama kashi 15, wato daƙiƙa 9 cikin 60. Masu haɗa na'ura da yawa a nan suke sa iyakar gargaɗi.

Baban Tasha, Agege:
Daƙiƙa 9 ido rufe a minti guda? Injiniya, ai kafin nan an daɗe da faɗawa rami.

Injiniya, Ikeja:
Gaskiyarka Baba, shi ya sa PERCLOS shi kaɗai ba ya isa. Daƙiƙa 9 ɗin ba a jere suke ba, a warwatse suke, amma duk da haka ma'auni ne mai jinkiri, tunda sai ya tara minti guda kafin ya yi magana. Dole a haɗa masa doka ta biyu: duk rufewa ɗaya da ta kai daƙiƙa ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ƙara nan take, ba a jiran lissafi. Tanka mai gudun kilomita 60 a awa, wanda shi ne iyakar da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta sa wa tanka da tirela a babbar hanyar ekspires, tana cin mita 16.7 a kowace daƙiƙa. Rufe ido na daƙiƙa 3 mita 50 ne babu direba. Bas mai gudun 100 kuwa mita 83. A kan gadar Third Mainland ko gadar Kara, ka san abin da mita 50 ke nufi.

Hajiya Likita, Idi-Araba:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in ƙara a kan nauyin fatar ido da Injiniya ya ambata ya wuce, don a nan ne alamar farko take. Tun kafin ido ya fara daɗewa a rufe, saurin motsin fatar ke raguwa, musamman wajen buɗewa. Mai wartsake fatar idonsa kamar tarko take, ta faɗa ta tashi. Mai jin barci kuwa sai ta sauko a hankali, ta ɗan tsaya, ta ɗaga da ƙyar, wani lokaci ma ba ta koma inda take ba. Murray Johns, likitan barci ɗan Ostireliya, a kan wannan ya gina ma'auninsa: ana raba nisan da fatar ta yi da saurin da ta yi shi. Tabaraun Optalert da aka ƙera a kan aikinsa yana auna fatar ido sau 500 a daƙiƙa da hasken infared, wanda ido ba ya gani, ya ba da maki daga 0 zuwa 10. Kamarar hoto 30 ba za ta iya wannan ba. Kowane hoto milisakan 33 ne, ƙiftawar milisakan 100 hoto uku kacal ke nan. Da hoto uku za ka san an ƙifta, amma ba za ka san saurinsa ba. Duk mai tallan da ya ce kamararsa ta hoto 25 ko 30 tana auna saurin fatar ido, a tambaye shi ta yaya.

Sannan yawan ƙiftawa da Baba ya tambaya, abubuwan da ke canza shi ba su da iyaka: ƙurar hunturu, iskar iyakwandishan da ke bugun fuska, bushewar ido, hayaƙin salansa a gosulo, ciwon ido na kaikayi. Duk suna ƙara shi, kuma ba ruwansu da barci. Cutar Parkinson kuma rage shi take yi.

Ɗan Computer Village:
Ranki ya daɗe, hoto 60 fa? Don akwai ƙananan kamarori masu arha da ke kaiwa haka.

Hajiya Likita, Idi-Araba:
Hoto 60 ya fi, yana ba ka tsawon ƙiftawa da ɗan daidaito. Saurin fatar dai har yanzu kintace ne.

Ɗan Computer Village:
To ga masu son haɗawa da hannunsu, ga yadda manhajar ke gane ido a rufe yake. Ana sa ɗigo shida a kewayen kowane ido: biyu a kusurwoyi, biyu a fatar sama, biyu a ta ƙasa. Sai a auna tsayin buɗewar ido a wuri biyu, a haɗa, a raba da faɗin idon sau biyu. Sakamakon shi ake kira EAR, Soukupová da Čech suka wallafa shi a 2016. Amfanin rabawa da faɗi shi ne ko direba ya matso ko ya ja baya lambar ba ta canzawa sosai. Buɗaɗɗen ido yakan ba da kusan 0.3, rufaffe ya faɗi wajen 0.1. Ɗigogin ana samunsu daga manhajojin gane fuska, irin su dlib mai ɗigo 68 a fuska, ko MediaPipe na Google mai 468.

Kuskuren da kusan kowa ke yi: ya kwafi lambar da ya gani a intanet, ya rubuta cewa duk abin da ya gaza 0.25 barci ne. Ai ido ba ɗaya ba ne. Akwai mai dara-daran idanu, akwai mai ƙanana, akwai dattijon da fatar idonsa ta sauko da shekaru. Mutumin da buɗaɗɗen idonsa 0.22 ne, na'urar za ta wuni tana masa ihu alhali garau yake, kuma ba za a kwana biyu ba zai liƙa mata salatif. Gyaran shi ne a auna kowane direba. A zaunar da shi a kujerarsa, ya kalli gaba minti biyu zuwa uku, a ɗauki lambar tsakiya ta buɗewa. Ya rufe ido daƙiƙa biyar, a ɗauki ta rufewa. Iyakarsa ita ce lambar rufewa a ƙara mata kashi 20 cikin 100 na tazarar da ke tsakani. Mai 0.30 da 0.10 iyakarsa 0.14. Mai 0.22 da 0.10 tasa 0.124. Kun ga nisan su biyun da 0.25.

Injiniya, Ikeja:
Ƙari ɗaya ƙanena. Kada na'urar ta riƙa sake wannan awon a farkon kowace tafiya. Direban da ya kwana uku a layin lodi a Apapa, da idonsa rabi a rufe zai tayar da mota. In ta ɗauki wannan a matsayin lafiyayyen idonsa, ta yafe masa gajiyar ke nan tun kafin ya kai Ojota. A yi awon ranar da ya yi barci ya ƙoshi, a adana da sunansa ko katinsa.

Malam Mai Waya, Ijora:
Ni ɓangaren wayarin zan taɓa, don yawancin na'urorin nan ba lissafi ke kashe su ba, wuta da zafi ne. Tirela batir biyu take amfani da su, bolt 24, in inji na aiki ya kai wajen 28. Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar da ake haɗa na'urar da ita, bolt 5 yake so, amfiya 3. Saboda haka sai an sa abin rage wuta wanda zai jure aƙalla bolt 36 a shigarsa, da fiyus na amfiya 2 kusa da inda aka ɗebo wutar, da diyod mai shanye tsallen wuta, don in kan batir ya yi sako-sako inji na gudu, wutar altaneta takan yi tsalle ta ƙone duk abin da ba shi da kariya. A ɗebo daga layin da ke mutuwa in an kashe makulli. In an ɗaura kai tsaye a batir, motar da ta yi kwanaki a tsaye sai an nemi mai turi. A tanka kuma babu maganar murɗa waya a naɗe da tef, a yi haɗi mai kyau a rufe shi, kowa ya san abin da ta ɗauko.

Zafi: Pi yana fara rage gudun kansa a digiri 80. Kan dashbod da ranar Ikko, gilashi a rufe, ba wuya ya kai. Da ya rage gudu, hoto 30 ya koma 10 ko 12, ƙiftawa ta riƙa wucewa ba a gani ba, kuma ba abin da zai nuna maka. A ɓoye akwatin a ƙarƙashin dashbod da fanka, kamara kaɗai a bari a sama. Manhajar ma ta riƙa lissafi da agogo, kada ta ɗauka kowane hoto milisakan 33 ne.

Mazaunin kamara: bayan sitiyari ko gefensa kaɗan, santimita 60 zuwa 80 daga fuska, ƙasa da saitin ido tana kallon sama. In an rataye ta a sama wajen madubi, gira da bakin hula su tare idon, kuma duk sanda direba ya dubi mita sai ta ga kamar ya rufe. A ɗaure da noti a kan ƙarfe. Mai roban tsotsa da ake mannawa a gilashi ba ya kai wa Shagamu a hanyarmu.

Baban Tasha, Agege:
Malam, da dare fa? Mutanenmu yawanci sai dare suke fita, kuma ba wanda zai yarda a haska masa fitila a fuska.

Malam Mai Waya, Ijora:
Hasken infared ake sawa Baba, ido ba ya ganinsa, kamara na gani, muddin an cire mata matatar da ke tare shi, irin wadda Raspberry ke kira NoIR. Fitilun iri biyu ne a kasuwa, gwargwadon zangon haskensu: nanomita 850 da 940. Na 850 ya fi haske a kamara, amma yana nuna ɗan ja-ja kamar garwashi, wasu direbobi yana damunsu. Na 940 ba a ganinsa sam, kuma tururin ruwan da ke sama yana shanye hasken rana a daidai wannan zangon, don haka rana ba ta cika rikita shi ba. In aka sa wa kamarar matata mai barin 940 kaɗai ya wuce, hoton dare da na rana sukan zo kusan iri ɗaya, fitilun motocin da ke tahowa ma ba sa wanke fuskar. Illarsa kamara ba ta jinsa sosai, sai an ƙara fitilu. A sayi waɗanda aka gwada a kan ƙa'idar IEC 62471 ta kare ido daga hasken fitilu. Tunda ido ba ya ganin hasken, ba zai kare kansa ba in ya yi yawa. Kuma a sa fitilun a gefe, santimita kaɗan daga bakin kamara, in ba haka ba mai tabarau sai dai ka ga fararen tabo biyu a inda idanu suke.

Wannan ne dalilin da manhajar waya ba ta wadatarwa. Kamarar gaba ta waya tana da matatar tare infared. In duhu ya yi sai ta tsawaita lokacin ɗaukar kowane hoto, hoton ya yi dishi-dishi, a daidai lokacin da aka fi bukatarta.

Ɗan Computer Village:
Akwai kuma namu na gida da masu ƙera su ba su yi tunani ba. Kwalli mai kauri yana iya rikita gano bakin fatar ido, kamar yadda aka san kwalliyar gashin ido na rikita na'urorin bin ido. Hular sanyi da rawani suna sauko wa gira. Mai taunar goro da mai lazimi bakinsu ba ya tsayawa, na'urar da ke ƙirga hamma sai ta yi ta ƙirga banza. A ganina a kashe ƙirgar hamma gaba ɗaya, ko a sa sai baki ya wangale fiye da daƙiƙa 3. Murmushi da ƙanƙance ido a rana suna rage EAR. Baƙin tabarau wasu infared na ratsa su, wasu ba ya ratsawa, sai an gwada ɗaya bayan ɗaya. Manhajojin da aka horar da hotunan fararen fata a hasken rana kuma sukan yi kuskure a baƙar fuska cikin ƙarancin haske. Infared yana rage matsalar, amma a gwada a fuskokin direbobinku kafin a biya. Kuma in na'urar ta rasa fuskar, ta faɗa cewa ba ta gani. Mafi munin na'ura ita ce wadda ke yin shiru don ta makance, mai mota yana zaton lafiya.

Oga Mai Motoci, Apapa:
Na gode muku. Amma sababbin motocin Turai ai da abin suke zuwa, me zai sa mu wahala?

Injiniya, Ikeja:
Yallaɓai, dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/2144 ta wajabta na'urar gargaɗin gyangyaɗi a duk sabuwar mota daga Yulin 2024. Sai dai abu biyu. Da yawansu ba ido suke kallo ba, motsin sitiyari ko layin titi suke bi. Volvo ta fara da kamarar kallon layi a 2007, Mercedes da motsin sitiyari a 2009. A titin da fenti ya goge, direba kuma yana ta kauce wa ramuka da 'yan okada, wannan lissafin ya rushe. Na biyu, ƙa'idarsu ta ce na'urar ta kunna kanta in gudu ya wuce kilomita 70 a awa. Tankar da ke bin dokarmu ta 60 tana iya zuwa Badun, kilomita 127 da 'yan kai, abin bai farka ba. In da hannu aka haɗa, a ɗauko gudun daga GPS, a sa ya fara aiki tun daga kilomita 15 ko 20. Ƙasa da haka a bar ƙarar rufewa mai tsawo kaɗai, don a gosulo ma mutum na iya sakin birki ya hau ta gaba.

Oga Mai Motoci, Apapa:
To shi ke nan, a sa ƙara mai ƙarfi kamar jiniya da kujera mai girgiza. Duk sanda ya rufe ido a tashe shi, har ya sauke kaya.

Hajiya Likita, Idi-Araba:
A'a Alhaji, nan kam ban yarda ba. Ƙara tana farkar da mutum na 'yan mintuna ne, bashin barcin yana nan bai biya ba, kuma kowane dawowa ya fi na baya sauri. Binciken Dawson da Reid na 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 a farke aikinsa kamar na mai barasa kashi 0.05 cikin 100 a jini ne, a awa 24 kuma kusan 0.10. Ba wanda zai ce a sa wa mashayi jiniya ya ci gaba da tuƙi. Bayan haka akwai ɗan barcin da ƙwaƙwalwa ke yi ido a buɗe, mutum yana kallon titi amma ba ya gani. Kamarar fatar ido ba ta kama wannan.

Abin da ya kamata ya biyo bayan gargaɗi na biyu cikin minti goma shi ne tsayawa. A sami wuri mai aminci irin su Ogere, a sha kofi ko a ci goro, a kwanta minti 15 zuwa 20 nan take. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro yana ɗaukar kamar minti 20 zuwa 30 kafin ya kama, don haka farkawa da kamawarsa sukan zo tare. Kada a wuce rabin awa, don wanda aka tasa daga barci mai nauyi yakan ɗauki lokaci kansa bai dawo daidai ba. Wannan ma dabarar isa masauki ce, sau ɗaya ake yinta a tafiya. Lokutan da suka fi haɗari daga ƙarfe 2 zuwa 6 na asuba ne, sai bayan azahar. Da azumi, ga sahur ga tahajjud, a rage tsawon tafiya. A Turai doka ta ce bayan tuƙin awa huɗu da rabi a tsaya minti 45, kuma ƙa'idar tuƙi awa 9 ce a rana.

Bayanan na'urar suna da wani amfani da ya fi ƙarar. Direban da PERCLOS ɗinsa ke hawa kullum ko da ya kwana a gida, a tambayi iyalinsa: yana minshari mai ƙarfi? Numfashinsa na ɗaukewa cikin barci? In ga ƙiba, ga hawan jini, ga wuya ya wuce santimita 40, a kai shi asibiti a duba ɗaukewar numfashi a barci, ana maganinta. Akwai tambayoyi 8 na ma'aunin Epworth, shi ma na Johns ne tun 1991, maki 24 ne gaba ɗaya, wanda ya haura 10 yana bukatar bincike. A tambayi magunguna kuma: Piriton na mura, kodin, taramol, duk suna saukar da fatar ido su rage hankali.

Baban Tasha, Agege:
Hajiya kin taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. In mai mota zai riƙa yanke wa direba kuɗi duk sanda abin ya yi ƙara, wallahi za a rufe kamarar da hula. Kuma wanda aka ce ya tsaya, lokacin da aka ɗibar masa na kai kaya fa?

Oga Mai Motoci, Apapa:
Na ji Baba. Ba za a ci tarar wanda ya tsaya ba. Wanda ya toshe kamara dai da magana.

Injiniya, Ikeja:
In haka ne Yallaɓai, kada a kunna ƙarar daga ranar farko. A sa a mota uku ko huɗu, ta yi mako biyu tana rubutawa shiru. Duk awa ɗaya yaron mota ya tambayi direba ya ba kansa maki a ma'aunin Karolinska, daga 1, garau, zuwa 9, yana kokawa da barci, ya rubuta da lokaci. Turai ma da shi suke gwada nasu, a mataki na 8 ake son gargaɗi ya fito. Sai a kwatanta. In na'urar ta yi shiru a wuraren 8 da 9, a sauko da iyakar PERCLOS daga 15 zuwa 12 ko 10. In tana kuka a 3 da 4, a fara duba mazaunin kamara da awon idon mutumin kafin a taɓa lissafi.

Bidiyon kuma kada a tara shi duka. Lambobi sun isa, sai daƙiƙa 10 kafin kowane gargaɗi da 10 bayansa don tantancewa. Hoton fuskar ma'aikaci yana ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023, a sanar da direba a rubuce me ake ɗauka, wa zai gani, kwana nawa za a ajiye.

Malam Mai Waya, Ijora:
Kuma a sa goge bakin kamara cikin duban safe, tare da mai da ruwa da taya. Ƙyalle mai laushi, busasshe. Ƙurar kwana uku a kan gilashin tana watsa hasken infared, fuska ta koma hazo.

Ɗan Computer Village:
Baba, in za a kawo motar gwaji, a zo da direban da tabaraunsa na rana da na karatu duka, da hular da yake tuƙi da ita. Awon kowanne daban ake ajiyewa.